Alama ta Bakwai a Ordinatar Mijina

Ku gafarce ni da na yi kwana tara ban leƙo ba. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto wai ko Haula ta yi aure ne ba ta gayyace mu ba. Ina fa aure, ƴar'uwa. Abin da ya same ni a kwanakin nan da hannuna na jawo shi, da ɗan yatsan nan nawa guda ɗaya, kuma yau na ce sai na faɗa muku ko zuciyata ta rage nauyi.

Ga waɗanda suka shigo yanzu: ni ƴar Kalfu ce, aure ya kawo ni Tawa. Wata bakwai bayan bikinmu mijina ya tafi bida Libiya, wato ci-rani, kamar yadda rabin samarin Adar suke tafiya. Saƙonsa na ƙarshe ya zo daga gaban Agadas, yana cewa gobe za su shiga hamada, kada mu damu in mun ji shi shiru kwana biyu. Yau shekara huɗu da wata biyu ke nan. Babu gawa, babu labari, babu wanda ya ce ya gan shi. Ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba. Ina zaune da mahaifiyarsa, Inna Balki, a gidanmu mai ɗaki biyu da rumfar zana, da tunkiya ɗaya da ta fi mu duka surutu.

Sunansa Alƙasum. A rubuce kaɗai nake iya faɗa muku. Ni ban taɓa kiran sunan mijina ba, haka aka rene mu. Inna kuma ɗanta ne na fari, tun da ta haife shi kunya ba ta bar sunan ya fito daga bakinta ba. A wurina shi “mai gidan” ne, a wurinta “yaron ga”. Shekara huɗu muna maganarsa safe da yamma, sunansa bai taɓa tashi a tsakar gidan nan ba.

Kafin ya tafi gyaran ordinata, wato kwamfuta, yake yi, shi da abokinsa Sadisu, tare suka koya. Ya bar mana wata tsohuwar baƙar ordinata mai karyayyen murfi, sai an jingina ta da gwangwanin madara take tsayuwa. Inna ba ta san boko ba, ba ta san ajami ba. Amma ƴar makiyayan Barmu ce, cikin garke ta girma, kuma akwai karatu ɗaya da babu wanda zai ja da ita a kansa: alamun dabbobi, wato lalas da ake yi musu a cinya da tsagar da ake yi musu a kunne. Daga nesa za ta hango raƙumi ta ce maka na gidan wane ne. To sai ɗan nata ya zauna kwana uku ya zana mata alamu shida cikin jerin da ke fitowa idan an danna kusurwar ƙasa, wanda muke ce wa meni. Misali: zobe, hotuna. Tsani, karatun Alƙur'ani. Kibiya, rediyo. Ƙafar hankaka kuwa, alamar garken mahaifinta, ita ce muryarsa. Gaisuwa talatin ya ɗauka, kowace safiya ɗaya ke fitowa.

Kullum bayan ta sha kunu sai ta wanke hannu, ta goge a zaninta, ta kwance atamfar da take naɗe ordinatar, ta danna ƙafar hankaka.

“Inna, ina kwana? Kin tashi lahiya? Ki sha maganin ƙahwa hwa.”

“Lahiya lau,” take amsawa. “Na sha.” Ko da ba ta sha ba.

Ni kuma ina bakin murhu, na juya musu baya kamar ba na ji. Ina ji mana. Da muryar nan nake tashi, da ita nake iya wuni.

Ranar Alhamis waccan ina haɗa wa wata mata katin suna a ordinatar, don da shi nake samun na sabulu. Na jona ta da intanet ɗin salulata zan tura katin, sai ga koren akwatin nan da ya yi watanni yana damuna, wai mizajur, wato a sabunta kayan cikin na'urar. Kullum rufe shi nake yi. A daidai lokacin saƙon Kawu Muktari, ƙanen mahaifiyata, ya shigo:

“Haula, shekara huɗu ta cika har ta wuce. Malamai sun ce kina da haƙƙin zuwa wurin alƙali a raba auren. Uwakki ta rame don tunaninki. Yaron ga Sadisu ya sake turo manyanai, ya ce in an raba shina ciki. Ba mu yi miki dole, amma ki duba.”

Idona yana kan salula, raina a ɓace, hannuna yana kan ordinata. Na danna don akwatin ya kauce mini. Ashe “i” na danna. Wani dogon layi ya kama cika a hankali, na ce to Allah ya kyauta, na tashi na ɗora tukunya.

Washegari Inna ta wanke hannu, ta kwance atamfa. Na ji shiru ya yi yawa.

“Haula.”

“Na'am, Inna.”

“Ina alamun?”

Na taho da ludayi a hannu. Na leƙa. Babu zobe, babu tsani, babu ƙafar hankaka. Wasu tokatokan murabba'ai shida ne iri ɗaya a jere, sun ma canza wuri. Inna ta danna na farko, wani rubutun Faransanci ya fito ya ɓace. Ta danna na biyu, haka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsanta, ta dawo ta sake bi.

“An shahe su,” ta ce a hankali. “Kamar bisashen da anka sace. In an shahe alama, ƙaƙa mai su zai gane su?”

Ta naɗe ordinatar, ta shiga ɗaki. Ranar ba ta ci komai ba sai ruwa.

Da rana na kasa daurewa, na durƙusa a gabanta na faɗa mata ni ce. Na so ta zage ni, wallahi na so. Sai ta dafa kaina ta ce, “Ba ki sani ba, ɗiyata.” Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

“Inna, bari in kira Sadisu. Shi as san irin aikin mai gidan.”

Ta janye hannunta kamar ta taɓa garwashi.

“Kowa, ban da shi.”

Na sunkuyar da kai. Na ɗauka na gane: wace uwa ce za ta so mai jiran matar ɗanta ya zauna a kan tabarmarta?

Asabar na ɗauki kabu-kabu zuwa kasuwa, ordinatar a rungume cikin hijabi kamar jaririya. Mai gyaran farko ko buɗewa bai gama yi ba ya ce, “Madam, sai a goge komi a zuba sabo, minti talatin.” Na fizge abina, har gwangwanin madarar ya faɗi. Na biyu ya fi shi tsoron Allah, ya juya ta, ya ce shi bai san irin wannan tsarin ba, kada ya ɓata mini. Ina dawowa mahaifiyata ta kira daga Kalfu. Na ba ta labari ina kuka, sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, “Ke ɗiyar ga, ko ƙarhe ya gaji da jira, sai ke?” Na san don tana sona ta faɗa. Na kashe wayar duk da haka.

Kwana uku Inna tana wanke hannu da safe, ta kwance atamfa, ta kalli tokatokan nan, ta naɗe. A rana ta ukun na ji ta ita kaɗai a ɗaki tana cewa, “Lahiya lau. Na sha.” Babu wanda ya tambaye ta. A nan na ce ko za ta yi fushi da ni shekara, sai na kira shi.

Na rubuta na goge ya fi sau biyar.

“Salama alaikum. Haula ta. Ordinatar mai gidan ta lalace bayan mizajur. Alamun Inna sun ɓace.”

Ko minti ɗaya ba a yi ba.

“Wa alaikumus salam. Kada ki bari kowa shi goge komi. Kin ji? Komi. Ina zuwa bayan la'asar.”

Sai wani ya biyo: “Inna ta yarda in shigo?”

Na ajiye wayar, na tashi.

Zan faɗa muku abin kunyata, tunda na riga na saba. Na sa doguwar rigar atamfa mai ganyen shuɗi, na ɗora hijabi ruwan toka. Na kalli madubi na cire, na sa mai ruwan zuma. Sai na tsaya na ce, Haula, wa kike yi wa? Na mayar da ruwan tokan, na goge ɗan kwallin da na zizara. Na share rumfa, na shimfiɗa tabarmar baƙi, na dama fura a kwanon sha mai murfi. Inna tana kallona daga bakin ƙofa, ba ta tambaya ba. Da ta ji tsayuwar babur a waje sai ta shige ɗaki ta saki labule.

Sadisu dogo ne, siriri, irin mutanen da suke sunkuyawa tun kafin su iso ƙofa. Farar jallabiya ce a jikinsa, aljihun gaba ya yi baƙi da alƙalami. Ya cire takalmi, ya durƙusa yana fuskantar labulen.

“Inna, ina wuni?”

“Lahiya,” daga ciki. Shi ke nan.

Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba, amma na san inda hannunsa yake a kowane lokaci. Ya jingina murfin da gwangwanin madara ba tare da na nuna masa ba. Ashe ya san ta tun kafin ni.

“Bari mu hwara da abin da ya hi muhimmanci,” ya ce. Ya bar meni ɗin, ya shiga wani wuri mai ɗakuna cikin ɗakuna. Ya juyo mini da fuskar ordinatar. “Ƙirga.”

Na ƙirga. Talatin cif, adadin gaisuwarsa.

“Muryatai na nan. Ba abin da ya taɓa ta.”

Na ja hijabi na rufe fuskata. Ya bar ni na yi kukana, yana ta kallon tunkiya kamar bai taɓa ganin tunkiya ba.

Da na natsu ya yi mini bayani. Ya ce kowace alama a meni wata ƴar takarda ce a ɓoye, mai layi kaɗan: sunanta, inda hotonta yake, da hanyar da za ta bi ta kira manhajar da ke buɗe abin. Mizajur ɗin ta zo da sabuwar manhajar sauti, ta ajiye ta wani wuri da wani suna, ta kuma matsar da ɗakin hotuna. Takardun nan kuwa suna nan da tsohon kwatance.

“Kamar ki aiki ɗan kabu-kabu gidan da mutanen sunka tashi,” ya ce. “Shina zuwa, shi buga ƙohwa, shi komo. Mutanen ba su mutu ba, unguwa sunka sake.”

Ya ji abin da ya faɗa, ya yi sauri ya mayar da ido kan ordinatar.

Kafin ya taɓa komai sai da ya kwafe duka a ƴar kile ɗinsa, ƴar ma'ajiyar nan da ake soka wa ordinata, ya miƙo mini ita, ya ce in adana. Sannan ya buɗe takardar farko, ya goge rabin layi, ya rubuta sabuwar hanya, ya gyara ta hoton. Ya sa na'urar ta sake karanta jerin. Sai ga zobe ya fito, fari tas, daidai yadda mai gidan ya zana shi, da ɗan karkacewar nan ta gefe. Ya bi sauran. Tsani ya dawo, kibiya ta dawo. Ɗaya ta ƙi, ya duba ya duba, ashe tazara ɗaya ya bari a tsakiyar layi, ya yi tsaki ya gyara. Ya mayar da kowace gurbinta, ina faɗa masa wadda ke saman wadda.

Sai na ga ya tsaya, ya matso da fuskarsa.

“Shida kinka ce?”

“Shida.”

“Bakwai ag ga nan.”

Ya nuna mini da bakin alƙalami. Takarda ta bakwai tana da wani ƙarin layi a ƙasa, wanda ya ce ma'anarsa kada a nuna ta a meni. Ba mizajur ta ɓoye ta ba, wanda ya rubuta ta ne. Kwanan watan da ke jikinta jajiberin tafiyarsa ne. Sadisu ya buɗe hotonta: kunnen saniya, tsaga biyu a gefe, huda ɗaya a tsakiya.

Alamar karsanata ce, wadda aka ba ni a sadaki, tana can garken Barmu. A duniya babu mai wannan alamar sai ni.

“Ka san da ita?” na tambaya.

“Wallahi ban sani ba.” A karon farko ya dube ni a ido. “Wagga taki ta, Haula. In kin ce in bar ta yadda nis same ta, in bar ta. In kin ce in hiddo ta, in hiddo.”

“Hiddo ta.”

Ya gyara hanyarta, ya goge layin nan na ƙasa. Sannan ya danna ƙafar hankaka don gwaji.

“Inna, ina kwana? Yau kasuwar bisashe, kada ki tahi cikin rana.”

Labule ya ɗaga da ƙarfi. Inna ta fito ba ɗankwali, ba takalmi, ita da ko gaban tunkiya ba ta fitowa haka. Ta zube a tabarma, ta kama gefen ordinatar da hannu biyu.

“Lahiya lau,” ta ce, hawaye na bin kuncinta. “Ba ni zuwa. Ba ni zuwa ko'ina.”

Ta shafa alamun ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunayensu, kamar mai ƙirga garke da yamma. Da yatsanta ya kai ta bakwai sai ya tsaya a iska. Na ga fuskarta ta sauya. Ba mamaki na gani ba, jama'a. Tsoro na gani.

Sadisu ya miƙe, ko furar bai taɓa ba. Ya ce yana da aiki a shago, ya yi sallama, ya sa takalminsa a waje. Muka ji babur ya tashi.

“Naɗe ta,” in ji Inna. “Magariba ta yi kusa.”

Rana ko kan katanga ba ta sauka ba. Ban taɓa saɓa wa matar nan ba sai a makon nan, ga shi zan yi na biyu. Na miƙa hannu na danna kunnen saniya.

Aka ji ƙarar kujera, da kukan tunkiyar nan tana ƙarama. Sai shi.

“Haula. In kina jin wagga, to shekara biyu ta cika ba ku ji ni ba. Ban iya hwaɗa miki a ido, in na hwaɗa ba ni iya tahiya. Hanyar ga tana cin mutane, na sani. Ban yarda ki tsuhwa kina jiran wanda rairayi ya ruhe ba. In shekara biyu ta cika babu labarina, na sake ki saki ɗaya. Ki yi idda, ki yi aure, ki haihu. Karsana taki ta. Ki yahe mani.” Ya ja numfashi, muryarsa ta juya gefe. “Inna, ranar da ta cika ki kira Sadisu, ki ce mai akwai ta bakwai, shi hiddo mata. Kin ji?”

Sai wata murya daga bayansa, wadda na fi sanin ta fiye da ta uwar da ta haife ni:

“Na ji.”

Sautin ya ƙare. Tunkiya ta ci gaba da tuƙa, wani yana tallar ƙanƙara a bayan gida.

Shekara biyu da wata biyu. Na tuna azumi biyu da na yi ina roƙon Allah ya dawo mini da mijina, alhali ba ni da miji. Na tuna bikin ƙanwata da na zauna a gefe ban yi lalle ba. Na tuna duk ranar da na yi wa mahaifiyata tsawa a waya. Na tuna “kowa, ban da shi”. Ashe ba kishin ɗanta take yi ba.

“Inna,” na ce, muryata ba tawa ba. “Kin sani.”

“Na sani.”

“Kullum kina kallona.”

“Kullum.” Ba ta ɗago ba, tana murza bakin zaninta. “Ranar da ta cika na sa mayahi, na kai har bakin titi. Sai nic ce, in na kira yaron can, to na yarda ke nan. Kuma ke ki tahi. In tashi da sahe in gaida ƙarhe, babu mai motsi bakin murhu.” Ta saki bakin zanin. “Na ce gobe. Kullum ina cewa gobe. Na ci amanatai, na ci taki. Ban da abin cewa.”

Na so in yi ihu har maƙwabta su taru. Na so in tashi in haɗa kayana a buhu. Amma idona ya sauka kan ƙafafunta, sun kumbura, kwana huɗu ba ta sha maganin ba, kuma ni ce mai tuna mata da gaske, ba na'ura ba. Ina jin haushinta har cikin ƙashina, ina kuma jin tausayinta, ban san wanda zan fara saurara ba.

Salulata ta yi ƙara a kan tabarma. Sadisu ne.

“Ban ji abin da ke ciki ba, kuma ba ni tambaya. In ta sake lalacewa ki kira ni, ko mi kinka yanke.”

Na kife wayar.

Inna ta jawo atamfa ta fara naɗe ordinatar da kanta, a hankali, kusurwa bayan kusurwa. Ta ɗaure. Maimakon ta kai ɗakinta kamar kullum, sai ta ɗora mini a cinya. Ta dube ni kamar mai shirin ɗaga abin da ya fi ƙarfinta.

Shekara talatin da ɗaya matar nan ba ta kira sunan ɗanta ba, ko a ranar sunansa, ko a ranar aurensa, ko a ranar da ya tafi.

“Haula,” ta ce. “Alƙasum ba shi komowa.”